An Share wa Baƙuwa Fadama

Kwana tara kacal Baba Mai Tsuntsaye ya yi a kwance da ciwon gwiwa. Kwana tara fa. Shekara goma sha tara yana gadin fadamar nan, yana korar masu tarko da masu cinna wuta, har kaushi ya gama da ƙafafunsa saboda laka, amma sai da ya kwanta aka yi masa aika-aika.

Fadamar tana cikin wuraren da ƙasashen duniya suka sa hannu a kan za a kiyaye, kuma ba don komai ta samu shiga ba sai don gauraka da ke ƙyanƙyasa a cikin dogayen ciyayinta. Duk bayan 'yan shekaru akan turo mai dubawa. In an ga sheƙa, shi ke nan. In ba a gani ba, sai a fara cewa wuri ya lalace, ga kuma masu son cike gefen gabas su yi gini sun zuba ido suna jira.

Ran da baƙuwar da aka turo dubawa bana za ta zo, ya ɗaure gwiwa da tsumma, ya dogara sanda ya fito. Tun daga kan gada ya hango ruwa fetal. Wurin da ko doki ya shiga ba a ganinsa, yau ga shi tas kamar tsakar gida.

Shugaban ofishin kula da fadamar ya taro shi da fara'a, riga ta sha guga. Allah ya sani ba mugu ba ne, sai dai a takarda ya san fadama. Ya ce ai ba a karɓar babbar baƙuwa cikin ƙazanta, shi ya sa ya ɗauko leburori ashirin da lauje suka yi kwana uku suna yanka. Har allon bakin ƙofa an yi wa fenti, an sake zana gaurakan da ke jiki.

"Baba, ka ga yadda wuri ya fito?"

 Tsohon ya ja ƙafa zuwa inda aka tara ciyawar, ya yi ta tonawa da sanda har ya kai ga abin da yake tsoro: sheƙa a murƙushe, ƙwai biyu, ɗaya a fashe, ɗaya lafiya lau amma ya yi sanyi. Ya sa mai lafiyar a aljihu.

Sai a nan shugaban ya gane ɓarnar da ya yi. Ya matso yana raɗa, wai don Allah Baba ya ce tsuntsayen sun fita kiwo, ai maganarsa ba mai musawa.

Baƙuwar ta iso da takalmin roba, da gani ta san aikinta. Ko kallon fentin ba ta yi ba. Ta kafa madubin hangen nesa a ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambayi inda gaurakan suke. Shugaban ya dubi Baba.

Ƙaryar tana bakinsa, kuma da ta ceci wurin na ɗan lokaci. Amma ya gaji da rufa wa mutane asiri a kan fadamar nan. Ya ciro ƙwan ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ga na bana, 'yata."

Ta tambaye shi ko gaurakan za su dawo. Ya ce ciyawa dai za ta koma yadda take nan da shekara biyu. Su kuwa bai sani ba, kuma bai san ko gwiwarsa za ta kai shi lokacin ba.