Fijon Alhaji Barmo

Mustafa ya sake murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya girgiza, ya mutu.

"Zuba mata kuma!" ya ce wa Tanimun bakanike.

Tanimun ya ɗiga fetur a bakin kafireta. Tsohuwar Fijo 404 ta tashi, ta shanye abin da aka ɗiga mata, ta sake yin shiru. Kwana tara ke nan ana wannan wasa a ƙofar gidansu da ke Birnin Ƙonni.

Motar ta mahaifin Mustafa ce, Alhaji Barmo, wanda ya shekara ashirin yana jigila da ita tsakanin Ƙonni da Dogarawa kafin ya ajiye ta a rumfa. Yanzu ciwon mafitsara ya kwantar da shi. Likitan da zai yi masa aiki baƙo ne, gobe Alhamis ce ranarsa ta ƙarshe a asibiti. Tsoho kuwa ya kafe: in ba a cikin motarsa ba, babu inda za shi. Kowa ya san wuƙar likita yake tsoro, amma wa zai faɗa masa?

Shi ya sa Mustafa ya bar ɗaliban da yake koyarwa a lakwal ɗin Malbaza, ya zo ya zama ɗan kanikanci da rana tsaka. Sun zubar da tsohon mai, sun ɗiga man inji a ramukan fulogi kafin su juya injin, sun wanke kafireta, sun sa sabon batir. Tanimun ya ce famfon mai ne; Mustafa ya hau kabu-kabu ya tsallaka iyaka ya samo wani. Duk a banza.

"Malam, man ba ya isowa," in ji Tanimun, yana goge hannu. "Sai mun sauke tanki. Kwana biyu."

"Kwana biyu? Gobe likita ka tahiya!"

"To, ni mi zan yi?"

Mustafa ya zagaya motar, ya duba agogo, ya sake zagayawa. Alhaji Barmo yana kwance kan tabarma a bakin zaure, ya juya musu baya, carbi a hannu.

Haushi ya ɗebi Mustafa. Ya fizge tiyon mai daga famfo, ya kafa baki ya zuƙa da iyakar ƙarfinsa. Ko ɗigo bai zo ba, sai warin tsohon fetur da ya cika masa ƙirji. Ya durƙusa yana tari har ya yi amai. Da tarin ya lafa bai tashi ba. Ya jingina da taya, hawaye na zuba, bai damu da Tanimun na kallo ba.

"Baba, na kasa," ya ce. "Kuma wallahi tsoro nika ji. Ban shirya rasa ka ba."

Carbin ya tsaya.

"Mustahwa," tsohon ya kira, bai juyo ba. "Ɗaga kujerar baya. Wajen hagu, ƙarƙashin shimhiɗa, akwai ɗan hwamhon tagulla. Murɗa shi."

Tanimun ya riƙe baki. Dabarar tsofaffin direbobin bakin iyaka ce: su ɓoye ɗan famfon rufewa a kan hanyar mai; in an rufe shi, ko ɓarawo ya tayar da mota ba za ta yi nisa ba.

Mustafa ya lalubo shi, ya murɗa, ya mayar da tiyo. A murɗawa ta uku injin ya kama, bai kuma mutu ba. Baƙin hayaƙi ya cika rumfar.

Ya fito ya tsaya a kan mahaifinsa. "Baba, kwana tara kana jin mu."

"Ina jin ku."

Tsohon ya dafa bango, ya yunƙura a hankali, ya miƙa masa hannu.

"Kama ni. Kuma gaba za ni zamna."