Ranar da Jola Ya Faɗi Gwajin Likita

Na same shi tsaye a bakin murhu ya kafa kai a kofin madara, baƙar kwat ɗinsa shimfiɗe a kan gado, ta sha guga har tana ƙyalli. Ko gaishe shi ban yi ba, na fizge kofin na juye wa karensa abin da ya rage.

"MamTolo, lafiya da sassafe haka?"

"Asibitin za ka tafi da wannan kwat ɗin?"

"To da me zan tafi? Wurin likita fa za ni."

Na naɗe kwat ɗin na cusa a hammatata, na ce ya sa rigar sanyin da yake kwana da ita, yau ƙafata ƙafarsa. Ya buɗe baki zai yi mini faɗa, tari ya riga shi. Sai da ya dafa bango ya gama, ni kuwa ina tsaye ina kallonsa, ban ko ce masa sannu ba, don haushinsa nake ji.

Sunansa Velile, amma kowa Jola yake kiransa, da sunan zuriyarsu. Shingen waya ne kawai ya raba gidana da nasa a kan tudunmu da ke bayan garin Tsolo. Shi da mijina tare suka tafi birnin Goli aikin haƙar zinariya tun suna samari. Mijina a cikin akwati aka dawo mini da shi, ban ga ciwonsa ba, ban ji kalmarsa ta ƙarshe ba. Jola ya dawo da ƙafafunsa, amma ƙurar rami ta riga ta cika masa huhu. Da farko yana ɗan noma, daga baya ya koma daga ɗaki zuwa garken tumaki sai ya tsaya hutawa a hanya. Shekarunsa ba su kai na karɓar kuɗin tsofaffi ba, don haka matarsa Nofezile ta tafi East London aikatau a gidan wasu masu hali, can take kwana, sai ƙarshen wata ta leƙo mu ta koma.

Abin da ya rage musu shi ne kuɗin nakasa, wanda gwamnati ke ba wanda ciwo ya hana shi aiki. Sharaɗin dai sai likita ya duba ka ya shaida cewa ba ka iyawa. A nan gizo ke saƙar, domin Jola ya fi kowa iya tsayawa gaban likita.

A rami suka koyo abin. Kowace shekara, kafin a sabunta musu aiki, sai likitan kamfani ya saurari ƙirjinsu, wanda duk aka ji nasa yana ƙara a sallame shi ya koma gida hannu rabbana. Don haka suka ƙware wajen ɓoye ciwo. A sha madara da safe, wai tana wanke ƙirji. A sa alewar minti a ƙarƙashin harshe ta danne tari. A isa da wuri a zauna numfashi ya daidaita. In an shiga a turo ƙirji gaba, a riƙa jan iska sama-sama, in an yi tambaya a amsa da kalma ɗaya. Mijina ma haka ya yi ta yi har ya faɗi a bakin aiki.

Sau biyu Jola yana zuwa neman kuɗin nakasa, sau biyu yana dawowa da burodi a hammata yana murmushi, yana gaya mini likita ya ce garau yake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake faɗa da alfahari, sannan ya shige ɗaki ya kwanta kwana da kwanaki don wahalar hanya. Na yi masa bayani har bakina ya gaji, cewa wannan gwajin ba irin wancan ba ne. Ya ce ya gane. Ya gane ɗin kuwa, jikinsa ne bai gane ba.

Abin da ya fito da ni da sassafe a ranar kuwa, waya ce Nofezile ta yi mini a farkon makon. Masu gidan da take wa aiki za su koma Cape Town, suna so ta bi su, kuma suna jiran amsarta kafin wata ya ƙare. In ta ƙi, babu abin sawa a tukunya. In ta bi su, sai Kirsimeti za ta riƙa ganin gida. Ta ce kada in gaya masa. Sannan ta tambaye ni ko ina ganin zai kai Kirsimeti. 

Muka gangara bakin hanya a hankali, yana tafe yana mita. Wai na mai da shi mahaukaci, mutum mai mata da tumaki ya shiga gari da rigar barci. A cikin motar haya na ga bakinsa yana motsi, na miƙa masa tafin hannuna.

"Tofo ta."

"Me zan tofo?"

"Jola, ni ba jikarka ba ce. Tofo alewar."

Ya tofo, matan da ke kujerar baya suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai gara da aka samu mai iya masa, wata ta tambaya ko ni ce uwargidan. Na ce Allah ya kiyaye, ni na riga na yi nawa aikin. Shi dai ya juya fuska ga taga, bai sake kula ni ba har muka isa.

Layi ya yi tsawo a asibitin, kuma tsawon layin nan shi ne abokin gabata. Ina kallo numfashinsa yana kwantawa, kafaɗunsa suna miƙewa, fuskarsa tana dawowa daidai. Kafin rana ta take, mutumin da na kusa goyawa a kan gangara ya koma kamar mai jiran a ɗauke shi aikin gadi. Hankalina ya tashi. Sai na saɓa wa Nofezile alkawari, na gaya masa zancen Cape Town, ban rage komai ba.

Ya dubi takalminsa, ya tambaye ni:

"Ita ta ce za ta bi su?"

"Me za ku ci in ba ta bi su ba?"

Nan take aka kira sunansa.

Likitar mace ce, yarinya ƙarama, idanunta duk gajiya. Na ce ni ƙanwarsa ce, ta bar ni na zauna a gefe. Wallahi ina ganin ƙafarsa ta taka ɗakin nan sai ƙirji ya turo gaba da kansa. Ta tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Yana iya tafiya? E. Yana tari da dare? Kaɗan. Yana iya ɗaukar bokitin ruwa? Ya ce sosai, mutumin da ni nake ɗebo masa ruwa tun bara. Na ga alƙalaminta ya fara tafiya, a waje kuma ana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na dube shi, shi ma ya dube ni. A idonsa na ga ba taurin kai ba ne wannan karon. So yake ya faɗi gaskiya, bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Ban san inda dabarar ta fito mini ba. Jola ne mai babbar murya a cocinmu kafin ciwo ya zaunar da shi, in ya ɗauki waƙa har kwanon rufi sai ya amsa. Akwai wadda muke rufe addu'a da ita, mata su fara, maza su karɓa da dogon baiti da ba a yanke shi a tsakiya. Sai kawai na ɗaga murya na fara ta a ɗakin likita, ni da muryata irin ta tsohuwar kaza.

Likitar ta ɗago kai tana kallona. Na ci gaba har na kawo inda maza ke karɓa, na tsaya.

Ya san abin da nake yi, sarai ya sani. Wannan baitin ba a rera shi da numfashin sama-sama, sai an ja iska har ƙasan ciki. Ya dube ni kamar zai zage ni. Sannan ya ɗora hannayensa a kan gwiwa, ya rufe ido, ya ja numfashi irin wanda ya yi shekaru bai yarda wani likita ya ga ya ja ba.

Kalma uku ya fitar, masu daɗi kuwa, irin na da. Daga nan ƙirjin ya tsage. Tari ya naɗe shi ya sauko da shi daga kujera, leɓɓansa suka yi baƙi, yana laluben iska da hannu. Likitar ta yar da alƙalami ta kira ma'aikaciyar jinya, aka sa masa abin shaƙar iska. Ni kuwa na tsorata ƙwarai, na ce a raina shi ke nan, na kashe mijin mutane da waƙa.

Bai mutu ba. Da ya dawo hayyacinsa aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ba shi wani bututu ya hura, ya hura iyakar ƙarfinsa abin ko gezau. Likitar ta daɗe tana duban hoton a jikin fitila.

"Baba, da wannan huhun ka ce mini kana ɗaukar bokiti?"

"'Yata," in ji shi a hankali, "haka aka koya mana."

Ta ce za ta rubuta cewa ba zai sake iya aiki ba har abada. Na zaci kalmar za ta yi masa ciwo, sai na ga kafaɗun nan sun sauko, ya jingina da kujera kamar wanda aka sauke wa buhun masara daga ka. A bakin ƙofar asibitin na kira Nofezile na miƙa masa wayar. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Na faɗi, Nofezile. Ki dawo gida." Ina jin kukanta daga inda nake tsaye, ni ma na juya baya na share nawa hawayen.

Ta dawo a ƙarshen watan da jakunkunanta da wata tsohuwar tukunyar lantarki da uwar ɗakinta ta ba ta. Kuɗin ya ɗan yi jinkiri, kamar yadda abin gwamnati ya saba, muka lallaɓa da ƙwan kajina da kabewar gonarta har ya fara shigowa. Ba wani abin kirki ba ne, amma yana sayen garin masara da kananzir da kuɗin motar zuwa karɓo magani, kuma ya ishe ta zama.

Daga shuka zuwa girbi suka samu tare. Ta kan shinge nake jin su kullum. Yana cewa gishiri ya yi yawa a wake, tana cewa wanda ya yi shekaru yana cin girkin maƙwabciya ba shi da bakin magana. In rana ta fito ta shimfiɗa masa bargo a jikin katangar garke, ta zauna kusa da shi tana ɓarar masara, yana ƙirga mata laifin kowace tunkiya. Yanzu tarinsa yake yi a fili, ba ya haɗiyewa, ba ya neman gafarar kowa. Sau da yawa yakan aiko a tambaye ni kwat ɗinsa, ni kuma in ce a gaya masa tana nan tana hutawa, don ban yarda da shi ba, kada wata rana a sake kiransa gwaji ya je ya ci.

Wata Alhamis da la'asar, na dawo daga taron matan coci ko farar hulata ban cire ba, na ji Nofezile ta kira ni. Ba da ƙarfi ta kira ba, yadda take kirana in tana son aron sikari. Na zagaya na same su a jikin katangar. Kansa yana kan cinyarta, hannunta ɗaya a kan ƙirjinsa, kwanon masara a gefe ko rabi ba ta ɓare ba.

"Ya tafi, MamTolo," ta ce. "Yanzun nan. Yana cikin ba ni labarin tunkiyar nan mai baƙin kunne."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na yi kuka, amma ba irin kukan da na yi wa mijina ba. Wancan kukan da ɗaci na yi shi, wannan kuwa har da godiya a ciki, don na ga mutum ɗaya daga cikin waɗanda ramin nan ya cinye ya cika a gidansa, da sauran rana, a hannun matarsa.

Da safe, kafin dangi su fara isowa, na buɗe akwatina na ciro kwat ɗin. Ta yi ƙanshin maganin asu, ta kuma yamutse a inda na naɗe ta. Na hura gawayi na goge ta a nitse, har ƙarƙashin wuya da bakin aljihu, yadda yake yi. A aljihun ciki na ji wani abu mai tauri, na laluba na ciro alewar minti guda, ta manne da takardarta. Na mayar da ita inda na same ta.

Nofezile tana tsaye a bakin shinge. Na miƙa mata kwat ɗin ta saman waya, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta sama don kada gefenta ya taɓa raɓa, ta shiga da ita ɗaki.