Ambulan a Cikin Kwalla

"Ki fito min da takalmana, Zaituna. Bakwai ta kusa."

"Ban gan su ba."

"Takalman da kowace ƙafa ɗaya ta fi dutsen guga nauyi, su ne suka yi fiffike?"

Ina jin su tsaf, don katangar da ta raba gidana da nasu a nan Dala ba ta wuce kafaɗata ba, kuma tun da ruwan sama ya zubar da kanta ban ga dalilin gyarawa ba. Na ajiye tsintsiya na hau turmi. Muttaka na tsaye a tsakar gida cikin shuɗin kayan aikinsa, ƙafa ba takalmi, hannu ɗaya dafe da ƙirji kamar mai shirin rantsuwa. Matarsa Zaituna ta tare ƙofar soro da jikinta. Ta ce kwana huɗu ke nan ba ya iya kwanciya sai a jingine, ta ce mai kemis ya auna jininsa har sau biyu don bai yarda da abin da ya gani ba, ta ce yau ko sama da ƙasa za su haɗu asibiti za shi. Zaituna ba mai faɗa ba ce, tsoro ne ya sa ta tsiwa.

Bari in gaya muku wanene Muttaka, don ku san abin da ya sa mutum zai yi wa matarsa rigima a kan a bar shi ya tafi aiki da ciwo.

Makaniken manyan injina ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata masaƙa a Sharaɗa, har aka wayi gari aka rufe ta, aka ba kowa ambulan ruwan ƙasa. Ya samu wani kamfanin robobi a Bompai. Can ne taifot ta kwantar da shi sati guda, ya koma ya tarar ana rage ma'aikata, sunansa na farko a jeri. Ambulan ruwan ƙasa. Sai kamfanin biskit, wata takwas kacal, suka ce man dizal ya fi ƙarfinsu. Wannan na uku a soro ya buɗe shi, ya karanta, ya yanke jiki ya faɗi. Ni na yayyafa masa ruwa. Tun ranar hawan jini ya kama shi, kuma tun ranar ko ambulan ɗin ɗaurin aure aka kawo gidan sai Zaituna ta tsorata.

Shekara biyu ya yi yana gyaran janareta da injin markaɗe a lunguna, yana yawo da takardunsa cikin leda. Ko'ina sai a ce ya bar lambar waya. Wasu su dubi furfurarsa su ce matasa suke nema. Wata rana sai ga gemun Muttaka ya koma baƙi wuluk kamar na ango. Ni na fara lura, ni kuma na fara faɗa wa lungu, Allah ya yafe min. Bai ji haushi ba. Ya riƙa zuwa wani shago a Ƙofar Nassarawa yana koyon injinan zamani masu kwamfuta, yana zaune a benci ɗaya da sa'annin 'ya'yansa, har Allah ya sa wani kamfanin casar shinkafa ya ɗauke shi. Ofishinsu a cikin gari yake, injinan kuma can bayan gari a hanyar Haɗeja. Amma gwaji ne na wata uku. Ɗan gwaji ba shi da hutu, ba shi da katin asibiti, kuma ba sai an ba shi dalili ba in za a sallame shi.

To, ranar Litinin ta wannan satin, gwajin saura kwana goma sha biyu, wani masinjan kamfanin mai suna Isyaku ya zo a babur ya bar saƙo. Zaituna ta zo bakin katanga ta riƙo shi da gefen mayafi kamar garwashi. Ambulan ruwan ƙasa, da hatimi.

"Inna 'Yardada, sun kuma," ta ce.

Na ce ta kwantar da hankalinta, na kuma ba ta shawara irin tamu. Mu a nan ba a kai wa mara lafiya mugun labari, kowa ya sani. Lokacin da mijina yake kwance ƙaninsa ya rasu, wata guda muka ɓoye masa, har yana aika wa mamacin goro ana karɓa ana cewa ya gode. Kuma ya warke sarai. Na ce mutumin da ƙirjinsa ke ciwo, in ya ga wannan takarda ba soro zai faɗi ba, kabari ne. Ta ce ko ta buɗe ta gani? Na ce mace ba ta buɗe wasiƙar mijinta, ga shi Turanci ne, ni da ita duk ba mu iya ba. Ta ce ko ta kai wa ƙanwarsa Nafisa, tunda malamar makaranta ce? Na ce kafin la'asar dangi duk sun ji, kafin magariba ya ji. Ta ɓoye, sai ya samu sauƙi.

Ta sa ambulan ɗin a cikin babbar kwallar aurenta, ta jera ƙananan kwanuka a kai, ta rufe.

Ni da ba a taɓa ba ni magana ta kwana a cikina ba, wannan karon na kulle bakina gam. Ko 'yata ban gaya wa ba. Har alfahari nake da kaina.

Zaituna kuwa ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Talata Muttaka ya fita, ta yini tana jiran a koro shi daga bakin get. Duk babur ɗin da ya tsaya a lungu sai ta miƙe. Ya dawo da yamma yana ba ta labarin wani bel na inji da ya gyara, shugaban sashensu ya yaba. Laraba ma haka. Ta tambaye ni ta yaya wanda aka kora yake ta zuwa aiki ba a hana shi ba. Na ce ai haka suke yi, sai sun gama tatsar mutum zuwa ƙarshen wata. Ta riƙa zagaye kwallar nan in za ta wuce, kamar akwai maciji a ciki.

Wannan ne ya kawo mu safiyar Alhamis da rigimar takalmi. Abin da ke cin ta, mutum yana kashe kansa a kan aikin da a ganinta an riga an raba shi da shi, kuma ba ta da bakin faɗa.

Muttaka ya numfasa, ya ɗago kai wajen katanga.

"Inna, na san kina kan turmi. Miƙo min su."

Ashe ya san tun da asuba ta jefo min su. Na miƙa, me zan ce? Ya zauna a kan kujerar tsugunno yana ɗaure igiya a hankali, yana hutawa tsakanin ƙafa da ƙafa. Ya ce mata wanda ya kwanta shi ake fara cirewa, ya gani da idonsa a Bompai. Ya ce shekararsa hamsin da biyu, in wannan ya kuɓuce babu na biyar, rini ma ya daina kama gemun.

"Kwana tara ne, Zaituna. In suka tabbatar da ni, da katin kamfani zan je asibiti, in kwanta a gado in miƙe ƙafa kamar wani Alhaji. Ke ce ma za ki gaji da kawo min fura."

Ta buɗe baki, ta kalli ɗakinta inda kwallar take, ta kalle ni. Na girgiza mata kai. Ta matsa daga ƙofar, ya wuce.

Ana idar da sallar azahar na ji hayaniya a bakin lungu. Lungunmu adaidaita sahu ba ya shiga, don haka abokan aikinsa biyu ne suka riƙo shi, takalman nan masu nauyi suna jan ƙasa. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi ya jiƙa rigar har ciki. Na yafa mayafi na zagaya a guje. Sun ce a gaban inji ya durƙushe, sun so wucewa da shi asibiti, ya rantse musu da Allah gida za shi, jiri ne kawai.

Suka zaunar da shi a soro, daidai inda ya taɓa faɗuwa. Zaituna ta kawo ruwa. Shi kuwa ba ta kansa yake ba. Ya riƙe rigar ɗaya daga cikinsu yana roƙo kada a rubuta cewa ya bar aiki kafin lokaci, a ce sallah ya fita, gobe da sassafe yana nan. Mutumin ya ce to, to, Malam Muttaka, ba wanda zai rubuta.

Sai ya juyo wajen matarsa.

"Ba a aiko da komai daga ofis ba ko?"

Ba ta kalle ni ba, amma na san ni take saurare. Na yi gyaran murya.

"Babu," ta ce.

"Alhamdu lillahi." Ya jingina kai da bango. "To da saura."

Numfashinsa ya fara sarƙewa. Na ce da mutanen su ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. Ɗaya ya ruga titi neman wani adaidaita, don wanda ya kawo su ya tafi. Zaituna ta durƙusa tana kwance masa igiyar takalmi, wai ko zai ji iska, yatsunta sun kasa kama ƙullin. Tana kiransa Malam, Malam, a hankali kamar mai tsoron ta tashe shi. Na matsa kusa da kunnensa ina maimaita kalmar shahada. Leɓensa ya bi ni sau ɗaya. Lokacin da mai adaidaita ya yi hon a bakin lungu, ta cire ƙafa ɗaya, ɗayar tana ciki, shi kuma ya riga ya tafi.

Kafin magariba aka kai shi.

Ranar sadakar uku gidan ya cika ya fara raguwa. Maza na waje a kan tabarmi, mu muna tsakar gida, Zaituna a zaune bakin ƙofar ɗakinta cikin hijabin takaba, Nafisa a gefenta. Aka ce wani daga kamfani yana son yi wa iyali gaisuwa. Isyaku ne, masinjan nan. Ya tsaya daga soro, bayan labule, ya yi addu'a mai tsawo. Har ya yi sallama, sai ya ƙara da cewa abin da ya fi ba su tausayi a ofis, mutum bai ko ci moriyar abin ba. Ya ce shugabansu ya ga aikinsa bai jira wata ukun sun cika ba. Amma dai an gode Allah da ya nuna masa takardar da ransa, ya yi kwana uku yana farin ciki.

Nafisa ta juya wajen labulen.

"Wace takarda?" in ji Nafisa.

Zaituna ta tashi kamar wadda ake ja da igiya. Muna jin ƙarar kwanuka tana sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta fito ta miƙa ambulan ɗin, ko yagewa ba a yi ba.

Nafisa ta farke shi, ta karanta a zuci, ta sake karantawa, sannan ta fassara mana da muryar da ba tata ba. An tabbatar da shi cikakken ma'aikaci tun daga ranar Litinin. Yana da hutun rashin lafiya. Shi da iyalinsa za su riƙa ganin likita a asibitin da kamfani ya yi yarjejeniya da shi. Ta karkata ambulan ɗin, wani ɗan kati ya faɗo kan tabarma, da hotonsa a jiki.

"Tun yaushe wannan yake gidan nan?"

"Litinin."

"Litinin. Da Talata yana gaban likita." Nafisa ta miƙe tsaye. "Wa ya ce ki ɓoye masa?"

Ina zaune taku uku daga wurin. Bakin nan nawa da ya kai labarin gemunsa har Ƙofar Kabuga, na neme shi na rasa. Zaituna ba ta ko waiwayo inda nake ba.

"Ni ce," ta ce. "Na ga ruwan ƙasa ne."

Nafisa ta tsaya tana kallonta, hawaye na zuba ba ta share ba. Ta saki takardar, ta zura takalmi, ta bi ta soro. Na ce, "Nafisa, ni ce na sa ta," amma daidai nan ta buga ƙyauren langa-langa da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga bango, ba na jin ko wadda ke kusa da ni ta ji.

Can Zaituna ta sunkuya ta ɗauki katin. Ta goge shi da gefen hijabi, ta daɗe tana kallon hoton, gemun nan baƙi wuluk. Shuɗiyar rigar aikinsa tana kan igiya tun ranar da aka wanke ta, ba wanda ya iya saukewa. Ta je ta sa katin a aljihun gaba, ta ɓalla maɓallin, ta dawo ta zauna kusa da takalmansa, ɗaya a kwance, ɗaya har yanzu da ƙullinsa.