Jan Injin Ummaru

"Mahauci! Wallahi kai mahauci na, ba bakanike ba!" in ji Ummaru, yana nuna ƙaninsa da yatsa. "Na kawo maka marasa lahiya ukku, kai kuma ka ce sai ka yanka biyu?"

Tukur bai ko ɗago ba. Yana tsugune a tsakiyar shagonsa na Boɗinga, gabansa injunan yankan itace guda uku a jere bisa buhu. Cikin sanyin murya ya ce, "Yaya, ban ce in yanka ba tukuna. Cewa na yi a cikin ukkun nan rai guda aka iya hiddawa."

"To hidda ukku! Mi aka koya maka a Sakkwato shekara bakwai?"

A bakin ƙofa, bisa wata tsohuwar taya, Goggo Kande ce zaune, ƙanwar mahaifinsu, ta ja mayafi tana taunar goro. Tun daga Lambara ta biyo Ummaru cikin a-kori-kura, don ita ce abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Shekaranjiya wani tsohon gawo da gara ta cinye gindinsa ya faɗi a fadama, ya karya jigo, ya kwanta ɗare-ɗare a bakin rijiyar da mutum tara suke ban-ruwan albasa da ita. Maza sun yini suna sara, gatari sai tsalle yake yi. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba. Ta Goggo Kande har kunnuwanta sun fara langaɓewa, in aka ƙara kwana biyu babu ruwa sai dai a ba awaki.

Ummaru kuwa ya riga ya bugi ƙirji gaban mai gari, ya ce shi da injunansa uku kafin Juma'a gawon nan ya zama itacen girki. Abin da bai faɗa ba shi ne, babu ko ɗaya da ke tashi. Ya saye su ne lokacin da wani kamfanin hanya ya tattara ya gudu, kuma tun daga ranar ba a ƙara kiransa Ummaru kawai ba, sai Ummaru Mai Inji Ukku. Mata na faɗa a gidajen suna cewa ko ɗaurin aure zai tafi Shagari sai ya ɗaura jan injin cikinsu a bayan keke, don kar wani ya manta.

To, shekarar ce ta tsuke bakin aljihu, wadda sabulu da madara sai an bi layi. Kayan gyaran inji kuwa, ko Kano ka je sai dai a girgiza maka kai.

"Ni dai ga wanga," Ummaru ya dafa jan, wanda fentinsa ke ƙyalli har yanzu. "In ma yankan za ka yi, yanka waɗancan ka tada man shi."

"Bari mu tambaye su," in ji Tukur.

Ya miƙe ya kama jan ta igiyar tayarwa, ya ɗaga shi sama, ya saki jikin injin. Sululu ya sauko kamar guga a rijiya, har sai da Tukur ya tare shi da ƙafa. Ya ɗauki na biyu, wanda reshe ya taɓa faɗa wa, bai ma wahalar da kansa ba, ya juya cikinsa ya nuna tsagar da yatsa ke shiga. Sannan ya kama na uku, wani koɗaɗɗe mai marfin tanki ɗaure da tsumma, wanda Ummaru ke ajiyewa a ƙarƙashin rumbu kaji na kwana a kansa. Ya ɗaga shi ta igiya ya saki. Injin ya tsaya cak a sama. Can ya sauko taki ɗaya ya tsaya, ya sake saukowa ya tsaya, kamar tsohon da ake ja zuwa asibiti yana turjewa.

"Kun gani, Goggo? Wanda ya turje shi ad da numhwashi a ƙirji. Wuta kawai ya rasa. Jan nan kuwa ƙirjinai ya ƙone, amma abin wutarshi lahiya lau. Mai tsagar ciki kuma sarƙarshi sabuwa ta."

"Ikon Allah," in ji Goggo Kande. "Ashe har inji ana gane na ƙwarai da taurin kai."

"Tsahi na!" Ummaru ya daka tsawa. "Ka taɓa ganin likita ya rataye marar lahiya?"

Tukur ya jawo jan gabansa. Ya kwance marfin tankin jan, ya kai hanci. Ya tsoma yatsa ya murza, ya sake shinshinawa. Sai ya dubi yayansa, ya dubi bakin ƙofa, ya matso kusa ya rage murya.

"Yaya, mi kaka zuba mashi cikin fetur?"

"Baƙin mai mana."

"Wanga baƙin mai da shi aka toya ƙosai."

Gumi ya karyo wa Ummaru. Gaskiyar magana ita ce, da baƙin man da ake gauraya wa injin a fetur ya ɓace a kasuwa, sai ya yi lissafinsa shi kaɗai cewa mai dai mai ne. Goggo Kande kuwa sana'arta ƙuli-ƙuli, kwalaben man gyaɗa jere a ɗakinta. Wata uku ke nan tana ganin kwalba na raguwa, har ta daina gaisawa da maƙwabciyarta Safinatu, ta kuma ba wani malami zakara don ya tona ɓarawo.

Tukur ya ci gaba da raɗa, "Tsohon nan rashin lahiyarshi ta cece shi. Da yana tashi, da shi ma ka shayar da shi. Ni ba ni hwaɗa ma kowa. Amma ka bar ni in yi aikina, albasar Goggo ba ta kai jibi."

Ummaru ya gyara hula, ya ɗaga murya don a ji. "To! Tunda ka nace. Ni dama tausayin tsohon nika ji."

Wanda bai ga hannun Tukur ran nan ba bai ga aiki ba. Ya shimfiɗa fanteka uku, kowane inji da tasa, ko ƙusa ɗaya bai bari ta shiga gidan wata ba. Ya zare abin wutar jan a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri, ya dasa wa tsohon, ya auna tazararsa da takardar kwalin sukari. Ya ciro sarƙar mai tsagar ciki, ya bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da magagari, yana busawa. Sauran kayan bai zubar ba. Ya wanke su da kananzir, ya ɗaure a tsumma, ya ce ai gawa biyun nan za su ciyar da mai ran shekara da shekaru. Ummaru na tsaye yana kallon jansa ya zama ƙarafa a fanteka, idonsa ya yi ja kamar an yi masa rasuwa.

Da aka zo batun mai, Tukur ya fita ya kwantar da babur ɗinsa, ya tsiyayo baƙin man cikinsa a gwangwanin madara, man da bai fi sati da zubawa ba. Ya juye cikin galan ɗin fetur ya girgiza.

Ana kiran la'asar ya taka injin da ƙafa ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari. A na uku sai shagon ya ɗauka da ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Goggo Kande ta saki guɗa da bakinta cike da goro.

Tukur ya kashe, ya miƙa wa yayansa da hannu biyu. "Gwangwani guda ga galan guda, Yaya. In ya ƙare, ka aiko. Kar a ba shi wani abu."

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai dai Goggo ta taso don ta sa wa Tukur albarka, ta bi ta gefen fanteka, inda tankin jan ke kife yana ɗiga. Ta tsaya. Ta sunkuya ta dangwala, ta kai hanci, ta kai harshe. Macen da ta shekara arba'in tana matsar tunkuza ba a ɓoye mata man hannunta.

"Tukur, Allah shi yi maka albarka, ya rufa maka asiri yadda ka so ka rufa na wani." Ta juya a hankali. "Ummaru. Ɗan wana. Ashe kai na ɓeran?"

"Goggo, ku tsaya ku ji, ai gwaji na..."

"Gwaji? Wata ukku ina gaba da Safinatu! Zakarana mai jan wuya! In ka gama da gawo, ka wuce gidanta ka durƙusa. Kuma daga yau sunanka Ummaru Mai Ƙosai, ni da kaina zan kai shi gidan suna."

Dariyar da Tukur ke dannewa tun azahar ta ƙwace masa. Ummaru ya saɓi tsohon injin a kafaɗa, ya fizgi galan.

"Rijiya dai kuka so, ko? Kahin magariba ku zo ku ɗebi ruwanku!"

Ya fice, ya maka ƙofar langa-langa da ƙarfi har fantekar jan ta yi tsalle.