Gishiri a Kan Gashi

Malam Dalhatu dai Allah ya yi tsoho mai taurin kai. Shekara talatin yana zaɓar fata a wani kamfanin jima a Challawa, sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ni Uwaisu, 'yarsa Hajiya Saudat ta ɗauke ni in riƙa kula da shi: wanka, magani, gashin ƙafa, da ɗan tattaki. Likita ya ce ƙafar nan za ta taka in ya so. Shi kuwa gogan bai so ba.

"Baba, ku tashi mu ɗan taka."

"In taka in je ina? Rabu da ni."

Wata biyu muna wannan fama. Hajiya ta gaji, ta ce in Juma'a ta zo bai taka ba, za ta kwashe shi zuwa gidanta a Kaduna. Da ya ji, ya juya wa kowa baya, ya ƙi tuwo. Gidan nan da guminsa ya gina shi, a ciki matarsa ta rasu. Wallahi ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi.

Ranar Laraba na biya mahauta na sayo ɗanyar fatar akuya. Na shimfiɗa ta a tsakar gida, saitin ƙofarsa, gashi a sama, na hau barbaɗa mata gishiri har da 'yar waƙata.

"Kai! Me kake yi?"

"Gyaran fata, Baba."

"A kan gashi? Juya ta! Gefen nama ake sa wa!"

"Haba Baba, yanzu haka ake yi. Zamani ya wuce ku."

Na ɗauko wuƙa kamar zan kankare ta.

"Za ka huda ta, jaki!"

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Na ci gaba da shirmena ina satar kallonsa, a shirye nake in tare shi in ya yi tangal-tangal. Taku goma sha ɗaya. Ya iso yana haki, ya sa sanda ya birkice fatar.

Sannan ya waiwaya ya ga inda ya baro ƙofar ɗakinsa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗan nema, da gangan ka yi."

"Ni? Ina ni ina sanin fata?"

Na jawo masa kujera, ya ture ta da sanda.

"Kira min Saudat ta bidiyo," ya ce. "A tsaye za ta gan ni, a gidana."