Ɓoyayyen Makunnin Kuwabara

Da maƙwabcinmu Kuwabara ya ji ana satar motoci a yankinmu na Ibaraki, sai ya yini a ƙarƙashin tsohuwar motarsa yana yanke-yanken waya. Ya haɗa wa famfon mai wani ɓoyayyen makunni, in ba a danna shi ba injin ba zai tashi ba. Ko matarsa Fusae bai nuna wa wurin ba, wai bakin mata ba ya riƙe sirri.

Ran nan da hantsi ya faɗo daga tsani, ƙafa ta karye. Muka kinkime shi zuwa kujerar baya. Fusae ta murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru.

"Baban yara, ina abin naka yake?"

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana nishi. "Su matsa tukuna."

"Su da suka ɗauko ka? Wane ɓarawon banza ne zai wahalar da kansa kan wannan akwalar?"

Ya kafe sai mun matsa. Fusae ta zare makulli ta jefa masa a ƙirji. A bayan motar wani mai tallan tofu, wato awara, aka kai shi asibiti, a tsakanin bokitai, ita kuwa ta koma ta ƙarasa shanyarta.