Saura Kogi

Wa ya fitar da Seini daga Gana, dokar gwamnati ko kalmomi biyu da Munkaila ya aika masa? Ni dai ban sani ba. Shi ma Munkaila ya juya tambayar har ta suɗe kamar tsohon noti, bai samu inda za ta kama ba.

Munkaila makaniki ne a bakin Zongon Kumasi, Masta ake ce masa. Seini kuwa Bazabarme ne, abokinsa tun suna samari. Iyalinsa suna Zongo, shi yana can garin Yeji a bakin kogi da tsohon jirginsa na katako, irin mai babban ƙyallen da iska ke turawa, da ƙaramin inji don ranar da iska ta ƙi. Da injin ya mutu, ya ɗoro shi a mota ya kawo wa abokinsa. Damina ta zo ta wuce a kansa, wata ma ta zo. Kullum akwai direban da ke tsaye yana huci, inji kuwa ba shi da baki. Har Seini ya raɗa wa abokin nasa suna Masta Gobe.

A ƙarshen 1969 Seini ya aiko yana tambaya. Kunya ta sa Munkaila ya ce a gaya masa, “Ya kusa.” Seini ya yarda, ya sauko Kumasi. A makon nan doka ta fito cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. A tsibiran masunta wa zai tambayi mutum takarda? A Kumasi akwai masu tambaya.

Seini ya ɗaga kwanon da aka rufe injin da shi, ya tarar da kaza kwance a kan ƙwai. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Masta Gobe, ka ce ya kusa. Ya kusa me? Ƙyanƙyashewa?”

Da zaginsa ya yi, da Munkaila ya samu sauƙi. A tasha, daga saman babbar motar da aka cusa su kamar buhunan goro, abin da ya ce kawai shi ne, “Ka ajiye min injin. Kan ruwa zai koma.”

Washegari Munkaila ya kori kazar.

Fistan ya manne da tsatsa, sai da ya jiƙa shi da kananzir, yana bugunsa da guntun katako a hankali kamar mai tashin mara lafiya. Baƙin mai ya daskare ya zama kwalta. Zanzaro ya yi gida a bututun ruwa. Nozul mai fesa mai kuwa babu, domin shi da hannunsa ya cire shi bara ya sa wa motar wani, da niyyar mayarwa. Ya bi garejojin unguwar Tafo ɗaya bayan ɗaya har ya samo irinsa. Direbobi suka gaji da jira suka koma wajen wasu. Bai damu ba.

Yana cikin goge bawul Rakiatu matar Seini ta zo. Ita haifaffiyar Zongo ce, ubanta Badagomba ne ɗan ƙasa, doka ba ta taɓa ta ba. Ta zauna da yara da tsohuwarta mara ƙafa, tana sayar da koko. Bayeraben da ke da niƙa-niƙa a unguwar yana cikin waɗanda suka tafi. Ya sayar da injinsa, ya bar mata kan niƙan a zaure, babu abin juya shi. Yanzu mata sai can unguwar Dichemso suke kai masara niƙa a ka.

“Masta, sannu da aiki. Wai an ce injin nan zai iya juya niƙa.”

“Wa ya ce?”

“Kai ne Masta. Zai iya ko ba zai iya ba?”

“Zai iya. Amma sai an yanke wannan.” Ya dafa sandar ƙarfen da ke juya farfela. “A sa fuli mai jan bel a gurbinta. In aka yanke kuwa, ya bar jirgi ke nan.”

“To, a yanke mana.”

“Amana ce, Maman Alidu. A gabanki ya ce in ajiye masa.”

“Ni ma a gabanka ya ce in riƙe masa yara. Su da wace sifana zan riƙe su?”

“Ba zan iya ba.”

Ta gyara gammonta ta tafi.

Ya yi ta gardama da kansa yana aiki. Wanda ya ci amana sau ɗaya, ai ba ya gyara ta da ci na biyu. Amma kayan mutum da 'ya'yansa, wanne ya fi zama nasa? Wani lokaci kuma, in ya tsaya wanke hannu, sai wata tambaya ta ɓullo wadda ya fi ƙi: don Seini yake wannan aiki, ko don ranar da Seini zai dawo ya ga inji yana sheƙi, ya ce ya yafe?

Azumi ya wuce, babbar salla ta wuce, babu labari daga Nijar. Wani direban Yeji ya ce jirgin ya sha ruwa har rabi, mutane sun fara ɓamɓarar katakonsa suna hura wuta. Munkaila ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa.

Da hantsin wata Talata ya gama. Injin jirgi da ruwan kogi yake huce zafinsa, saboda haka ya cika duro, ya zura tiyo. Ya yi bismilla ya juya hannun tayarwa. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Ya sake. A wannan karon ya kama, sautinsa ya daidaita, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Farfela tana juyawa a iska, tana kaɗa ganyen naɗe dokunu, tuwon masara, da ke yashe a ƙasa. Maƙwabta suka taru suna tafi. “Masta! Masta!”

Rakiatu ta biyo ta wajen, dawowarta ke nan daga Dichemso, bahon ƙullu a kanta, jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Ba ta sauke ba. Ta tsaya ta kalli injin sosai, ta saurare shi.

“Ya yi kyau, Masta. Wallahi ya fi ranar da ya saye shi.” Ta gyara bahon a kanta. “Saura kogi.”

“In Allah ya dawo da shi…”

“Direban nan ƙanen maƙwabciyata ne. Tun kafin ya gaya maka na ji.”

Ta juya a hankali, yadda mai kaya a ka ke juyawa, da dukan jikinta. Ya bi ta da kallo. Ƙullu ya ɗiga ta gefen baho ya yi mata farin layi a baya, duga-duganta sun tsage.

Ya kashe injin. Mutane suka watse. Ya daɗe a tsaye yana jin ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Sannan ya shiga rumfa ya fito da zarto, ya gwada haƙoransa da babban yatsa, ya sa sabon ruwan zarto. Ya auna sandar da taƙinsa, ya ja layi da alli.

Ƙarfen mai kyau ne, da ƙyar zarton ya kama.